Yadda za ka yi idan binciken 'yan sanda ya koma jeka-ka-dawo

Ƙanena mai gyaran waya ne a nan Kaduna. Wata Talata da hantsi baƙuwar lamba ta kira shi, wani ya ce daga caji ofis yake magana, ana nemansa yanzu-yanzu. Ashe wata waya ce da aka ƙwace a hannun mai ita, aka bi sawunta, aka ga layin ƙanena ya taɓa shiga cikinta. Gaskiya ne ya shiga, domin shi ya canza mata gilashi, kuma kamar yadda kowane mai gyara yake yi, ya sa layinsa ya gwada kira kafin ya miƙa wa wanda ya kawo. Ya je ya yi bayani, bayan la'asar na tsaya masa aka ba da shi beli. Muka ɗauka magana ta ƙare.

Sati bakwai muka yi muna sintiri. Litinin da Alhamis sai ya je ya zauna a kan benci tun ƙarfe tara, a ce masa IPO, wato ɗan sandan da ke riƙe da binciken, ya fita aiki, ya jira. Wajen ƙarfe huɗu wani ya leƙo ya ce, "Kai mai waya, ka dawo Alhamis." Kwamfutarsa ta aiki da wayoyin mutane biyar suna hannunsu, masu wayoyin kuma sun hana shi sakat. Ranar da ya tafi Zariya ɗaurin aure bai je ba, yaron shagonsa aka ɗauko aka sa a bayan kanta. A duk tsawon lokacin nan ba wanda ya tuhume shi da laifi a gaban alƙali, ba kuma wanda ya ce masa an wanke shi. Da muka gaji muka je wurin lauya, tambayar farko da ya yi mana ita ce, "Ina takarda?" Muka kalli juna. Kira da baki, beli da baki, karɓar kaya da baki, "ka dawo" da baki. Abin da ke ƙasa shi ne abin da na koya daga wannan wahalar, da kuma rakiyar wasu da na yi bayanta.

Ka fara rarrabe bincike da gallazawa

'Yan sanda suna da hurumin su gayyace ka, su yi maka tambayoyi, su kama ka idan akwai ƙwaƙƙwaran dalilin zargi. Kotuna sun sha faɗa cewa ba za su hana su binciken laifi ba, saboda haka kada wani ya yaudare ka cewa zai samo maka takardar da za ta hana a taɓa kiranka. Wanda aka sace wa waya shi ma yana da haƙƙi. Idan an kira ka sau ɗaya ko biyu, an yi maka tambayoyin da suka shafi ƙorafin, an sallame ka, wannan aiki ne, ka ba da haɗin kai.

Abin ya sauka daga layi idan ana ta kiranka babu sabuwar tambaya, ko an tsare ka fiye da wa'adin doka ba a kai ka kotu ba, ko an ɗauki matarka ko ɗanka ko yaronka don kai ka fito. Haka idan kowane zuwa sai an nemi na mai ko na takarda, ko an riƙe kayan sana'arka babu rubutu, ko ana zuwa ƙofar gidanka da wurin aikinka ana shela a gaban mutane, ko kuma ainihin maganar bashi ce aka lulluɓe ta da rigar laifi. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce har wanda aka gurfanar a kotu ana ɗaukarsa mara laifi sai an tabbatar. To ina ga wanda ko gurfanar da shi ba a yi ba? A shari'ar Gani Fawehinmi da Sufeto Janar na 'Yan Sanda a 2002, Kotun Ƙoli ta nuna cewa kuskure ne a kama mutum tukuna sannan a shiga neman hujja a kansa.

Ranar da aka kira ka

Kada ka gudu, kada ka kashe waya. Gudu shi ne yake ba su dalilin zuwa gida da dare, kuma shi ne abin da za su fara karanta wa alƙali idan an zo maganar beli. Amma kada ka zari takalmi ka fita a take. Ka tambayi mai kiran sunansa da muƙaminsa, daga wane ofis, wane sashe, kuma a kan wace magana. Ka ce, "Yallaɓai, don Allah a aiko min da takardar gayyata, ko a turo hotonta ta WhatsApp." Takardar gaske tana da kan ofis, kwanan wata, sa hannu da sunan wanda za ka gani. Wannan tambayar tana kare ka daga wani abu daban ma: a garin nan ba kowane mai cewa shi ɗan sanda ne a waya ba ne ɗan sanda. Duk wanda ya ce ku haɗu a gidan mai, ko bakin gada, ko wani otal, kada ka je. A ofis kawai.

Ka je da safe, a farkon mako. Idan an ba ka zaɓi, kada ka yarda da yammacin Juma'a ko jajibirin hutu, domin kotu ba ta zama Asabar da Lahadi, kuma wanda ya shiga bayan kanta ranar Juma'a da la'asar sau da yawa sai Litinin. Ka tafi da mutum biyu, ɗaya wanda zai iya tsaya maka, da katin shaidarsa da hotunansa, ɗaya kuma wanda zai tsaya a waje da waya a hannu. Idan da hali ka tafi da lauya tun ranar farko. Kuɗin da muka ƙi biyan lauya a ranar farko mun biya ninkinsa a kuɗin Keke Napep da rufe shago. Ka gaya wa iyalinka inda za ka, ka ci abinci, ka ɗauki maganinka idan kana shan na hawan jini ko na suga, ka bar kuɗi masu yawa a gida. Takardun da suka shafi maganar, rasit ne ko yarjejeniya, ka kai kwafi, ka ɓoye na ainihin.

Wurin rubuta bayani

Nan ne mutane suka fi yanka kansu. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa, ya kuma ce cikin awa 24 a sanar da shi dalilin kamun a rubuce, da harshen da yake ji. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta tarayya ta 2015 ta ce ana iya ɗaukar bayaninka a gaban lauyanka, in babu shi a gaban jami'in Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko wani mutum da ka zaɓa, kuma idan ba ka jin Turanci a kawo tafinta, shi ma ya sa hannu. Jihar Kaduna ta yi tata dokar a 2017 bisa wannan tsarin, ita ce kotunan jiha suke aiki da ita.

A aikace ga yadda abin yake. IPO zai ɗauko fom, ya tambaye ka da Hausa, ya rubuta da Turanci. Kai ka ce "an kawo min gyara", shi ya rubuta abin da idan aka fassara zai zama "na karɓi wayar". Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun ita ce tazarar da ke tsakanin mai gyara da mai karɓar kayan sata. Idan ka iya rubutu, ka rubuta da hannunka, ko da Hausa ne. Idan shi zai rubuta, a karanta maka layi-layi a gaban mutuminka kafin ka sa hannu ko ka dangwala. Kada ka bar fili a ƙasan rubutun, ka ja layi ka tsallake shi. Kada ka taɓa sa hannu a farar takarda ko da an ce maka "ka'ida ce kawai". Ka faɗi abin da ka sani da idonka, ka tsaya nan. Abin da ba ka tuna ba ka ce ba ka tuna ba, kada ka yi kirdado don ka faranta wa mai tambaya, domin duk ranar da aka sake kiranka da bayanin farko za a auna na biyu.

Idan bayanin amsa laifi ne, doka ta tanadi a ɗauke shi a bidiyo ko a gaban lauya, kuma Kotun Ƙoli ta yi watsi da irin wannan bayanin a shari'o'in da aka tsallake wannan ƙa'idar. Duka, rataya, hana barci, barazana da bindiga, tuɓe mutum ko zagayawa da shi a bainar jama'a, duk Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta lissafa su, kuma hukuncin mai yi yana iya kai shekara 25 a gidan yari. Idan an taɓa lafiyarka, ranar da ka fito ka wuce asibitin gwamnati kai tsaye, a rubuta abin da likita ya gani, a ɗauki hoton raunin. Tabo yana warkewa cikin kwanaki, katin asibiti kuwa yana nan.

Ka riƙa duba agogo

Wa'adin da Kundin Tsarin Mulki ya sa shi ne kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a cikin kilomita 40 daga inda aka kama ka, in babu kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace. A cikin garin Kaduna, daga Kawo har Sabon Tasha, daga Rigasa har Malali, babu caji ofis ɗin da ya yi nisan kilomita 40 da kotun majistare. Ke nan lissafinka kwana ɗaya ne: ko a kai ka kotu, ko a ba da belinka. Banda laifin da hukuncinsa kisa ne, kamar kisan kai ko fashi da makami. A nan 'yan sanda ba sa ba da beli, sai dai su nemi umarnin tsarewa daga majistare, wanda a dokar tarayya ba ya wuce kwana 14 a karon farko, beli kuma sai Babbar Kotu. Ko a nan ma ka tambayi ranar da aka rubuta za a dawo da mutum gaban kotu, ka riƙe ta, domin a wannan gaɓar ce mutane suke ɓacewa a gidan yari ana cewa ana jiran shawarar ma'aikatar shari'a.

Beli kyauta ne, haka aka rubuta a bangon kusan kowane ofis, kuma kowa ya san yadda ake yi a ƙarƙashin rubutun. Ba zan ce maka ka bar ɗan'uwanka ya kwana a ciki don ka kafa hujja ba, ni ma ban yi haka ba. Amma ka gwada wannan tukuna: ka rubuta takardar neman beli zuwa ga DPO, shugaban caji ofis ɗin, ka ajiye kwafi, ka nemi ganinsa da kanka. Yawancin ciniki a teburin ƙasa ake yinsa, kuma ba kowane DPO ne yake son a zo gabansa da lauya ana maganar kuɗin beli ba. Mace tana iya tsaya wa mutum, dokar 2015 ta faɗi haka ƙarara, don haka idan an ce wa mahaifiya ko matar aure "sai namiji", ba doka ake karanta mata ba. Mai tsayawa kuma ya karanta abin da yake sa wa hannu. Alkawarin da ya ɗauka shi ne zai kawo mutum ranar da aka nema. Bai ɗauki alkawarin biyan bashin kowa ba.

Sayi littafi

Wannan shi ne matakin da ya juya mana al'amari, kuma bai fi kuɗin littafin makaranta mai shafi arba'in ba. Lauyan ya sa ƙanena ya zauna ya rubuto duk zuwan da ya yi tun daga farko, yana duba tarihin kiran wayarsa don ya tuna ranaku. Daga nan kowane zuwa sai ya rubuta kwanan wata, ƙarfe nawa ya shiga, ƙarfe nawa ya fita, wa ya gani, me aka tambaye shi, me aka nema a hannunsa, wa ya raka shi. Sunan ɗan sanda yana ƙirjin rigarsa, masu farin kaya kuma za ka ji abokan aikinsu suna kiran sunansu. Saƙonnin waya kada ka goge ko ɗaya, ka ɗauki hotonsu ka tura wa wani amintacce. Idan an tilasta maka tura kuɗi ta banki ko ta mai POS na bakin ofis, ka adana rasit ɗin.

Sannan ka daina karɓar "ka dawo" hannu sake. Cikin ladabi ka ce, "Yallaɓai, ranar da zan dawo me ake bukata in zo da shi?" Idan an ce babu komai, ka rubuta haka. Idan ka zo IPO ba ya nan, kada ka yi zaman benci har la'asar. Ka je kanta ka ce a rubuta a littafin ofis cewa ka zo ƙarfe kaza, ka tura wa IPO saƙo cewa ka zo ba ka same shi ba, ka jira awa ɗaya ko biyu, ka nemi izinin DCO, wato shugaban sashen binciken laifuka na ofis ɗin, ka tafi. Saƙon nan shi ne shaidarka ranar da za a ce ka tsallake beli. Da aka jera zuwa goma sha huɗu a shafi ɗaya, aka ga a cikinsu sau biyu kawai aka yi masa tambaya, ko ni da na raka shi sai da abin ya ba ni mamaki.

Kaya, gida da asusun banki

Duk abin da aka karɓa a hannunka, doka ta ce a rubuta shi ɗaya bayan ɗaya, kai da ɗan sandan ku sa hannu, a ba ka kwafi. Waya a rubuta samfurinta da lambarta, kuɗi a ƙirga a gabanka, babur ko mota a rubuta lamba. Abin da bai shafi binciken ba kana da damar neman a mayar maka, kuma ka nema a rubuce. Idan sun ƙi, lauya yana iya roƙon kotu ta ba da umarnin sakinsa.

Idan an zo binciken gida, ka nemi ganin waranti mai sa hannun alƙali ko majistare, ka duba adireshin da ke jiki naka ne. Ka aika a kira mai unguwa ko maƙwabta biyu su tsaya shaida, a bi ɗaki-ɗaki tare da kai, kada a rabu kashi biyu wasu su shiga inda ba ka gani. Dokar ta san gidajenmu, ta ce inda akwai matan kulle a ba su sanarwa da damar kaucewa kafin a shiga, kuma mace ce take laluben jikin mace. In sun ƙi nuna takarda suka ce sai sun shiga, kada ka tare ƙofa da ƙirjinka. Ka faɗa da ƙarfi a gaban shaidu cewa ba da yardarka ba ne, ka bari su yi, ka rubuta. Da mai bindiga ba a yin kokawa a zaure. Haka maganar waya a kan titi: hedikwatar rundunar ta sha fitar da sanarwar hana jami'anta tsayar da mutane suna bincika musu waya babu dalili, amma wurin tuna musu da wannan a gaban manyansu ne, ba a shingen dare ba.

Asusun banki kuwa, idan ka je cire kuɗi aka ce an rufe bisa umarnin 'yan sanda, ka rubuta wa manajan reshe ka nemi kwafin umarnin kotun da suka dogara da shi. Kotuna sun sha sa bankuna biyan diyya saboda rufe asusu da wasiƙar ɗan sanda kawai, kuma bankunan sun san haka.

Idan an ɗauki wani a madadinka, ko maganar bashi ce

Sashe na 36 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 da sashe na 7 na dokar 2015 duk sun haramta kama wani a madadin wanda ake nema. Babu togiya a ciki, ko uba ne, ko mata, ko yaron shago. Ranar da aka ɗauki yaron ƙanena, mu da kanmu muka riƙa ba da haƙuri kamar mu muka yi laifi. Abin da ya kamata mu yi shi ne mu tafi wurin DPO a take, mu ambaci sashen, mu nemi a sake shi ba tare da beli ba, tunda ba a zarginsa da komai.

Bashi kuma shi ne rabin abin da ke kai 'yan kasuwa caji ofis, daga Kasuwar Barci har Panteka. Mutum ya karɓi kaya bai cika kuɗi ba, ko an yi kwangila ta lalace, sai mai kuɗi ya rubuta "cuta da cin amana" ya kai. Dokokin nan biyu sun ce ba a kama mutum don saɓa yarjejeniya ko rikicin da ba na laifi ba. A 2020 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Kure da Kwamishinan 'Yan Sanda, wadda ta faro daga kotun majistare a nan Kaduna a kan kwangilar kawo ɗan raƙumin dawa, ta wanke wanda aka ɗaure, ta kuma ja kunnen 'yan sanda cewa karɓar bashi ba aikinsu ba ne. Saboda haka idan an ajiye maka takarda a bayan kanta an ce ka rubuta za ka biya kaza a wata kaza sannan a sake ka, ka sani ba dole ba ne. In kana da bashin da gaske, ka biya shi, amma a yi sulhun a gaban shugabannin kasuwa ko lauyoyi ko kotu. Sai dai kada ka ruɗi kanka: idan tun farko da ƙarya ka karɓi kuɗin mutane, wannan laifi ne, kuma suna da hurumi a kai.

Hawa tsani da takardar koke

Shafi ɗaya ko biyu ya isa. Sunanka da adireshinka, ranar da aka fara kiranka, jerin zuwan da ka yi daga littafinka, kayan da aka riƙe, sannan abin da kake nema a fili: idan akwai hujja a kaina a gurfanar da ni a kotu, idan babu a sallame ni, a sallami mai tsaya min, a mayar min da kayana. Kada ka yi zagi, kada ka ƙara gishiri, kada ka rubuta abin da ba za ka iya rantsuwa a kansa ba, domin ba da bayanin ƙarya shi ma laifi ne. Ka yi kwafi, ka kai, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a naka. Takardar da ba ta da hatimin karɓa kamar ba a kai ta ba ne.

Mutanenmu suna tsoron jimlar nan ta "a kai ni kotu", kuma da wannan tsoron ake juya su. Ni ma da na ji lauya ya faɗe ta sai da gabana ya faɗi. Amma a kotu akwai alƙali, akwai rana, akwai rubutu, akwai beli mai sharaɗi sananne, kuma mai ƙara dole ya zo ya tsaya ya yi bayani. Wanda ba shi da hujja ba ya son zuwa can. Duk da haka ka bar lauya ya duba maganarka kafin ka rubuta wannan jimlar, don wani lokaci a fusace sukan rubuta FIR, wato takardar da suke gabatar da mutum da ita gaban majistare, da laifi mai nauyi su kai ka, ka kwana biyu kafin beli ya kammala. Ka shirya masu tsaya maka tun kafin ka kai takardar.

Ka fara da DPO. In mako ya wuce shiru, ka kai wa Eriya Kwamanda, sannan Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, kana iya roƙon a ɗauke fayil ɗin daga hannun wanda yake riƙe da shi. Rundunar tana da sashen karɓar ƙorafin jama'a da ake kira CRU, wanda aka kafa a 2015, ana samunsu ta waya da WhatsApp da shafukan sada zumunta, kuma suna ba da lambar bin sawun ƙorafi. Ka ɗauki lambobinsu daga shafin rundunar na gaskiya. A wajen rundunar akwai Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda mai ladabtar da jami'ai, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, da Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a, ko reshen Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, mata kuma akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Wata ƙofar da mutane ba su sani ba: doka ta ɗora wa majistare ziyartar wuraren tsare mutane na yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba littafin kamu, yana kuma iya ba da beli a wurin. Idan naka yana ciki, lauya zai iya kai sunansa gaban majistaren.

Game da zuwa da manya, mai unguwa ko shugaban ƙungiyar kasuwa ko ɗan kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, yana da amfani, ina kuma ba da shawarar a yi. Illarsa ɗaya ce, yakan ƙare da "a yi haƙuri, a ba yara na goro", fayil kuma yana nan a buɗe, bayan wata uku a sake kira. In an yi sulhu, a rubuta shi, mai ƙara ya janye ƙorafinsa a rubuce. Facebook kuma ka bar shi a ƙarshe. Rubutu cikin fushi da sunan mutum da hotonsa yana iya jawo maka sabuwar tuhumar ɓata suna a kan wadda kake fama da ita.

Babbar Kotu

Idan koke bai yi aiki ba, sashe na 46 na Kundin Tsarin Mulki ya ba ka damar zuwa Babbar Kotu, ta jiha ko ta tarayya, idan an tauye maka haƙƙi, ko ana tauyewa, ko akwai alamar za a tauye. Ƙa'idojin 2009 na irin wannan ƙarar sun sauƙaƙa ta: da takardar rantsuwa ake yi, wani yana iya rantsewa a madadin wanda ke tsare, waɗanda aka yi ƙara suna da kwana biyar su mayar da martani, kuma daɗewar abu ba ta kashe ƙarar. Littafinka, saƙonninka, katin asibiti da takardun koke masu hatimi su ne za a liƙa a jiki. Kotu tana iya bayyana tsarewar a matsayin haramtacciya, ta hana a ci gaba da kama ka a kan wannan maganar ba bisa ƙa'ida ba, ta sa a saki kaya, ta yanke diyya da neman afuwa a bainar jama'a kamar yadda sashe na 35 ya tanada. Ana iya haɗawa da mai ƙarar idan an nuna shi ne ya riƙa ingiza su da mugun nufi, amma wanda ya kai rahoto kawai ya koma gefe, kotu ba ta cika kama shi ba. Kada ka sa ran kuɗin diyyar da wuri, karɓo kuɗi daga hannun hukuma wata shari'ar ce mai zaman kanta.

Mu ba mu kai nan ba. Kwana tara bayan an buga wa takardar kokenmu ta biyu hatimi, aka kira ƙanena, wannan karon da sunansa ba "mai waya" ba. Aka fito da kwamfutar da wayoyi biyar, ya kunna kowace a gabansu kafin ya sa hannu a littafin kaya, ni kuma na nemi a rubuta a jikin takardar belin da ke wurinsu cewa an sallame ni daga tsayawa, na ɗauki hotonta. Yanzu a shagonsa akwai wani littafin a kan teburi. Duk wanda ya kawo gyara sai an rubuta sunansa da lambarsa da samfurin wayar, a danna *#06# a kwafe lambar jikinta, mai kawowa ya sa hannu. Gwajin kira kuma da layin mai wayar ake yi, a gabansa.